Izu da Sauka: Amsa ga Masu Kushe Lissafin Karatu

Kwanakin baya, a majalisar da muke zama bayan la'asar a nan Kazaure, wani abokina malamin sakandare ya ga littafin rubutu mai falle sittin a hannuna, ya karɓa ya buɗe. Da ya gane cewa a ciki nake rubuta abin da na karanta, da ranar da na fara da ranar da na gama, sai ya miƙo mini ya ce, "Haba Malam, kai ma ka shiga sahun 'yan ƙirge? Wannan ai yayin Turawa ne, kuma ƙofar riya ce. Karatu ba sukuwa ba ne." Kafin in buɗe baki aka kira magariba, majalisa ta watse. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba.

Na san abin da ya gani. Tun 2011 dandalin Goodreads ke sa masu karatu su ɗaukar wa kansu adadin littattafan da za su gama a shekara, kuma abin ya iso mu ta Facebook. Janairu na kamawa za ka ga matashi ya shelanta cewa bana sai ya karanta hamsin, Disamba na zuwa ya jera hotunan bangwaye. A nan abokina yana da gaskiya, amma gaskiyar tasa ta tsaya rabin hanya. Aibin wannan yayi yana cikin mudun da ake awo da shi. Idan "littafi" ne mudu, to wanda ya karanta Ruwan Bagaja a yini guda da wanda ya shekara biyu a kan Muhtasar duk ɗaya gare su. Labarin soyayya guda da aka buga kashi uku, na ɗaya da na biyu da na uku, ya zama littafi uku ke nan. Mudun da bai bambanta gero da ƙaiƙayi ba dole ya haifar da algus. Sai dai lalacewar mudu ba ta sa a daina awo a kasuwa.

Batun cewa daga Turai aka kawo mana lissafin karatu kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san ba haka ba ne. Tambayar farko da ake yi wa almajiri ita ce, "Ina ka kai?" Ya ce Sabbi, ko Amma, ko Tabara, nan take kowa ya san izu nawa ya ci cikin sittin. A wasu surori a yi sadaka, ranar sauka a yi wa allo zayyana, a tara jama'a. A zaure ma jeri ne sananne: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, har Muhtasar, kuma ɗalibi kan ce ya sauke wannan ya ɗauki wancan. A 1812 Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta, tun daga waɗanda ya ɗauka a gaban yayansa Shehu Usmanu. Wa zai ce Malam Abdullahi yayi ya bi? Da boko ya zo, aka yi gasar 1933 wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, aka yi Yaƙi da Jahilci, daga baya adabin kasuwar Kano ya cika gidaje, sai lissafin ya koma hannun mai shagon haya, wanda ke rubuta wa ya ɗauki wane littafi, yaushe zai dawo da shi. Mu 'yan boko ne muka yar da al'adar, yanzu ta dawo mana da baƙuwar riga muna ce mata baƙuwa.

Abin da nake so a tsaya a duba da kyau shi ne izu, don a ganina babu dabarar karatu da ta kai shi hikima. Izu awo ne na kwana. An raba Alƙur'ani sittin, kowane izu aka raba shi nusufi, rubu'i, sumuni, ya zama sumuni 480. Mai izu biyu kullum ya sauke a wata guda, kamar yadda ake yi da azumi. Mai izu ɗaya ya sauke a wata biyu. Wanda aiki ya sha kansa ya riƙe sumuni, shi ma yana tafiya. Wato an tanadar wa kowane hali rabonsa, yadda babu ranar da mutum zai ce bai da abin da zai iya ɗauka. Mai ƙirgen littafi hamsin, idan Yuni ta same shi da goma, yakan karaya ya watsar, domin burin nasa yana can ƙarshen shekara yana hararar sa. Mai izu kuwa bashin yau kaɗai ke kansa. In ya biya, ya kwanta da sakakkiyar zuciya.

Ga yadda nake ɗora wannan a kan sauran littattafai. Idan na ɗauki littafi, kafin in karanta layi guda sai in duba yawan shafukansa, in raba, in sa ɗigon fensir a inda kowane rabo ya ƙare. Shafi goma ne izuna. Alhamis da Juma'a ina hutawa, kamar yadda makarantar allo ta koya mana, kuma wannan hutu yana cikin tsarin, don shi ke ba da damar rama abin da ya kuɓuce ba tare da bashi ya taru ba. Shafi goma sau biyar hamsin ke nan a mako. A mako arba'in an tashi da shafi 2,000. Na ce arba'in ban ce hamsin da biyu ba, saboda watan azumi na Alƙur'ani ne, kuma duk wanda ya san Roni da Gwiwa da damina ya san mutumin da ya wuni yana noman firi ba ya dawowa ya buɗe littafi. Shekarar karatunmu ta fi dacewa ta fara bayan kaka, lokacin da amfani ya shiga rumbu, dare ya yi tsawo, lokacin da gardawa ma kan fita ci-rani da allunansu. Janairu ba ta san da wannan ba.

Iyakar rabo tana da wuyar kiyayewa ta fuska biyu. A littafi mai nauyi kana jan ƙafa kafin ka kai ɗigon. A labari mai daɗi kuma kana so ka tsallake shi ka kwana kana karatu. Ni ina ganin tsayawar ta fi amfani, domin labarin da ka bari a tsakiya yana bin ka gona da kasuwa, kana juya shi, kana hasashen abin da zai faru. Abubakar Imam ya san wannan sarai. Littafi na ɗaya na Magana Jari Ce a kan dare-dare aka gina shi: aku na ba ɗan sarki Musa labari don ya hana shi fita, gari ya waye, a dakata sai wani daren. Wanda ya haɗiye shi a zama guda ya samu labaran, amma jiran da aka saƙa a cikin littafin ya wuce shi.

Sai kuma sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci, wanda shi ne amsar zargin riya. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya karanta wa malam an tabbatar ya iya. Saboda haka a littafina, gaban kowane izu akwai layi uku da nake cikewa bayan na rufe abin da na karanta, da kalmomina, ba tare da leƙe ba. In na kasa, izun bai ci ba, gobe a sake. Wani lokaci maimakon rubutu sai in ba iyalina labarin bayan isha'i, in sun yi tambayar da na kasa amsawa na san akwai saura. Mai neman a gani ba zai jure wannan ba ko na mako biyu, don babu hoton da za a ɗauka a ciki. Kuma in bayyana ci-gaba ne riya, me za a ce da walimar sauka da kakanninmu suka yi ta yi? Niyya a zuci take, Allah ne masaninta.

Tishi ma ina lissafa shi cikakke. 'Yan ƙirge na ganin komawa littafin da aka gama ɓata lokaci ne, alhali a tsangaya saukar farko share fage ce. Na karanta Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ina saurayi, na sake karanta shi da furfura, kuma layukan da na rubuta a karo na biyu sun nuna mini abin da ƙuruciya ta ɓoye mini game da tauraron labarin, Mailoma. Masu cewa littattafan soyayya ba sa shiga lissafi, ban tsaya jayayya da su ba. Wanda ya karanta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ya cike layukansa uku ya yi karatu. Masu cewa manhajar waya ta wadatar, su tuna ranar da waya ta faɗa ruwa ko caji ya gagara. Masu cewa a yi karatu don daɗi kawai, a tambaye su littafin da suka gama bara.

Akwai wani dalili da ya sa na damu da wannan al'ada fiye da amfanin da take yi wa mai ita. Tarihin adabinmu tarihin marubuta ne. A ƙarshen shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi doguwar muhawara a jarida kan adabin kasuwar Kano, muhawara mai amfani ƙwarai, amma muryar matar da ta karɓi hayar littafin ta karanta a ɗakinta ba ta fito sosai ba, don ba ta bar rubutu ba. Yau da labarai suka koma WhatsApp, ana sakin su kashi-kashi suna ɓacewa, ko littafin mai shagon haya babu. Littafin lissafin mai karatu shi ne zai gaya wa na baya abin da mutanen Kazaure suka karanta a wannan zamani, da abin da suka fahimta a ciki. Shi ya sa nake ganin layukan nan uku da Hausa ya kamata a rubuta su, ko da littafin na Turanci ne ko na Larabci. Haka malaman zaure ke yi: a karanta nassi, a fassara da Hausa, sannan a ce an yi karatu. Abin da ba ka iya faɗa da harshen da kake mafarki da shi ba, bai zauna ba tukuna.

Ina kira ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, da malaman firamare na Babura da Roni da Gwiwa, da matan da ke karatu a waya bayan yara sun yi barci: ku sayi littafin rubutu guda, ku yanka wa kanku izun da za ku iya, ko shafi uku ne, ku rubuta kwanan wata. Kai kuma abokina, Malam, littafin da ka mayar mini yana nan. Ka zo majalisa da naka bayan kaka, mu buɗe shafin farko tare.