Masu Auna Duhu

A sashen sama da masana ke kira Ofiyukus akwai wani baƙin tabo. Gefensa taurari ne rututu, tsakiyarsa kuwa ko ɗaya ba a gani. Edward Barnard, Ba'amurke gwanin ɗaukar hoton sama, ya sa shi cikin jerin irin waɗannan wurare da ya wallafa a 1919, shi ya sa ake ce masa Barnard 68. Gajimare ne na iskar gas da ƙura, kuma a cikin irinsa ake haifar taurari.

To, yaya za a auna abin da ba ya haske? Sanyin cikinsa ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifiri. Mafi yawan nauyinsa iskar haidurojin ce, ita kuwa a irin wannan sanyi kusan ba ta fitar da komai da na'ura za ta kama. Ƙurar ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin ba, amma ita ce ta tare hanya.

Nan gwanintar masana taurari João Alves da Charles Lada da Elizabeth Lada ta burge ni. Ƙurar da ta hana gani, ita suka mayar ma'auni. Duk wanda ya kalli faɗuwar rana ranar da hazo ya sauka ya ga tushen dabarar: ƙura ta fi cinye shuɗin haske, ja ne ke samun wucewa. Bayan ja akwai wani haske da ido ba ya gani, infirared, wanda ya fi ja iya ratsa ƙura. Da madubin hangen nesa na La Silla a ƙasar Chile suka ɗauki hoton gajimaren da wannan haske, sai ga taurarin da ke bayansa sun bayyana, dubbai.

Sauran aikin haƙuri ne da lissafi. An san launin da taurari suke da shi idan babu abin da ya tare su, domin na gefen gajimaren suna nan a fili don kwatantawa. Saboda haka duk tauraron da haskensa ya ratso gajimaren, yawan jan da ya ƙara shi ke faɗin yawan ƙurar da ke kan layinsa. Tauraro ɗaya, awo ɗaya. Wani ya ratso ta baki ya ɗan rine, wani ya ratso ta tsakiya ya yi jawur. Tauraro ɗaya yana iya ruɗar mutum, wataƙila da ma can ja ne, don haka sai a haɗa maƙwabta a ɗauki matsakaici. Daga ƙura a lissafa gas, daga awon dubbai a zana taswirar kaurin gajimaren tun daga baki har cibiya.

Sakamakon da suka wallafa a mujallar Nature a 2001 ya zo daidai ƙwarai da lissafin da wasu masana biyu, Ebert da Bonnor, suka yi tun shekarun 1950, na dunƙulen gas wanda nauyinsa ke jan sa ciki, matsin iskarsa na tura shi waje, kowanne ya riƙe ɗan'uwansa. Nauyin Barnard 68 kamar ninki biyu ne na rana, kuma awon ya nuna yana dab da iyakar da nauyi zai rinjaya, ya dunƙule ya soma zama tauraro.