Linux Mint a Faifan Waje: Kwamfutar da Ke Shiga Aljihu

Wata Lahadi, ranar da kasuwar Mai'adua ke ci, ɗan yayata ya same ni da kwamfutarsa ta hannu a rungume, ido ya yi ja. Ɗalibi ne a Daura, saura kwana shida ya miƙa aikinsa, ga shi faifan cikin kwamfutar ya mutu. In an kunna ta sai baƙin allo da ɗan ƙaran ƙas-ƙas. Muka ratsa ta gefen kara, inda ake loda shanu a manyan motoci, muka shiga shagon wani matashi mai gyara. Bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya ɗauko wani faifan waje da bai wuce tafin hannu ba, ya soka wayarsa a gefen kwamfutar, ya kunna, ya danna maɓalli ɗaya. Jim kaɗan sai ga koren tambari a allo. Yaron ya kama hannuna ya ce, "Kawu, ta tashi!"

Abin da ya tashe ta shi ne Linux Mint, kuma tun daga ranar nake aiki da shi daga faifan waje. A kansa nake so in yi wannan bita.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ke jan ragamar sauran manhajoji. Yawancinmu Windows muka sani, har muna ɗauka ita ce kwamfutar. Alhali kwamfuta tana iya tashi daga duk faifan da aka nuna mata, na ciki ko na waje. Linus Torvalds ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ya bar shi a buɗe ga mai son gyarawa ko rabawa. A 2000 Bajamushe Klaus Knopper ya fitar da Knoppix, wanda ke tashi daga faifan CD ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Ubuntu ya zo a 2004, sannan a 2006 Bafaranshe Clément Lefèbvre ya fara Linux Mint, wanda yau aka gina shi a kan Ubuntu ɗin. Kamfanin Microsoft ma ya gwada irin wannan dabara da Windows To Go a 2012, amma ya janye ta a 2020. Mint kuwa yana nan, kyauta, ba kuɗin lasisi, ba satar lambar rajista.

Babban abin da ya burge ni shi ne ladabinsa ga baƙo. Wanda ya saba da Windows ba zai yi ɓatan kai ba: maɓallin jerin manhajoji yana ƙasa ta hagu, agogo yana dama, manyan fayiloli suna inda hannu ke nema. Yana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubutu da lissafi, don haka ranar farko ma ana iya fara aiki. Masu shi sun ce ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 2 da fili mai gigabait 20 sun isa, ko da yake gigabait 4 ya fi sakewa. Ga tsofaffin kwamfutoci akwai nau'in Xfce, wanda ba ya da nauyi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 yana neman wani guntun tsaro, TPM 2.0, da yawancin kwamfutocin gwanjo da ke hannun ɗalibanmu ba su da shi. Mint 22, wanda ya fito a Yuli 2024, an yi alkawarin kula da shi har 2029.

Sai dai ainihin daɗinsa yana fitowa ne idan aka girka shi a faifan waje. Mutanen bakin iyaka sun san darajar tafiya da guzurinka. Bafatake yakan hau motar haya, amma butarsa da tabarmarsa da jakar kuɗinsa nasa ne. Haka wannan faifai yake. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta zai ari ta abokinsa, ko ya biya kuɗin awa a shagon buga takardu, ya soka faifansa, ya kunna kwamfutar, ya danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ce ko Lenovo, ya zaɓi faifan waje. Sai ga teburinsa kamar yadda ya bar shi jiya, da rubutunsa da hotunansa da kalmomin sirrinsa. Ya gama ya zare, bai bar wa mai kwamfuta komai ba, bai kuma kwaso ƙwayoyin cutar da suka addabi filashin da ke yawo a shagunanmu ba. Idan ya zaɓi kulle faifan da kalmar sirri tun wajen girkawa, ko ya faɗi a mota wanda ya tsinta ba zai karanta komai ba.

Akwai abu biyu da suka dace da mu musamman. A cikin tsare-tsaren allon rubutu akwai na Hausar Najeriya, wanda ke ba ka ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ka nemo wata manhaja ba. Duk wanda ya taɓa ganin an rubuta "kasa" ana nufin "ƙasa" ya san amfanin wannan. Sannan faifai ɗaya yana iya ɗaukar mai Turanci da mai Faransanci, kowa da ɗakinsa da kalmar sirrinsa. A yankinmu, da ke maƙwabtaka da Nijar ta garin Kongolam, inda ɗan'uwanka na iya zama ɗan makarantar Damagaram, wannan alheri ne.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Na farko, manhajar girkawa tana da wata ɗabi'a mai haɗari: a kwamfutoci na zamani takan ajiye ɗan guntun da ke tayar da tsarin a faifan ciki maimakon na waje. Sakamakon haka faifan zai ƙi tashi a wata kwamfuta, ita kuma ta gida ta rikice in an zare shi. Maganin da masu gyara suka sani shi ne a cire faifan ciki kafin a girka. Ya kamata a ce manhajar da kanta take yi wa mutum wannan gargaɗi da manyan baƙaƙe.

Na biyu, gudunsa ya dogara ga ramin da aka soka shi. Tsohon ramin USB 2.0 iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa, shi kuwa 3.0, mai shuɗin harshe, yana kai gigabit 5. A tsohon rami sai an yi haƙuri. Kuma faifai mai juyawa ba ya son girgizar babur, waya kuma in ta motsa ana cikin aiki komai na iya tsayawa cik. Wanda ke da hali ya sayi faifan SSD, kuma ko da wanne ne ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a wani wuri.

Na uku, CorelDRAW, wanda masu buga katin biki da kalanda suka dogara da shi, ba ya da nau'in Linux. Inkscape yana iya aikin, amma sai an sake koyo. Sabunta manhajoji kuma yana cin data. Abin da ya fi damuna shi ne fuskar Mint ba ta magana da Hausa yadda take yi da Larabci ko Faransanci. Wannan giɓi namu ne mu cike, tunda ƙofar fassara a buɗe take ga duk mai sa kai, kuma muna da ɗaliban kwamfuta a Daura da Katsina da za su iya.

Duk da haka ina yaba wannan aiki da zuciya ɗaya, domin ya raba mallakar aiki da mallakar na'ura. Ɗan yayata ya miƙa aikinsa a kan lokaci. Har yau bai sayi sabon faifan ciki ba, kuma ƙannensa mata biyu sun samu nasu ɗakunan a faifan, suna gwajin jarrabawar JAMB a kai. Da safe in zai tafi Daura, sai ya naɗe faifan a hankici ya sa a aljihun gaba na rigarsa.