Zamanin Manyan Injuna da Aka Goge a Kaset

Ranar 2 ga Maris, 1969, jirgin Concorde ya ɗaga karon farko daga birnin Tulus na Faransa, kuma wanda ya kai wa mutanen Ingila labarin a talabijin shi ne Raymond Baxter. Ba baƙo ba ne a harkar, domin ya tuƙa jirgin yaƙi ƙirar Spitfire a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne ya fara gabatar da Tomorrow's World, shirin BBC kan sababbin ƙere-ƙere da aka soma a 1965.

Irin waɗannan shirye-shirye suna da salonsu. Mai gabatarwa ba ya tsayawa gefe yana bayani; hawa yake yi, ya tayar da inji, ya ɗaga murya don ta fi rugugin ƙarfe. Ana jero wa mai kallo nauyi da gudu da ƙarfi, kamar yadda maroƙi ke jero kirari. Da yake sau da yawa kai tsaye ake watsawa, wata rana na'urar sai ta ƙi tashi a gaban miliyoyin jama'a, abin da masu kallo suka daɗe suna tunawa.

Rauninsu ma daga kirarin yake. Yabo ya yi yawa, tambaya ta yi kaɗan: wa zai biya kuɗin, aikin wa injin zai ƙwace? Concorde ɗin da aka yi ta wasawa guda 20 kacal aka ƙera, aka kuma ajiye shi a 2003, shekarar da shi ma Tomorrow's World ya tsaya.

Duk da haka, babu wata shaida da ta kai su wajen nuna yadda mutanen wancan lokaci suka ɗauki inji. Abin takaici, da yawa daga fitowar shekarun farko babu su a yau. Kaset mai faɗin inci 2 da ake naɗa a kansa yana da tsada, don haka sai a goge shi a naɗi wani shirin. Yarjejeniya da ƙungiyoyin ma'aikata ta taƙaita maimaita shiri, kuma da talabijin mai launi ta shigo a 1967, sai aka ga baƙi-da-fari ya zama tsohon yayi. Shirin inji ma ya sha wannan hukunci, tunda an ɗauka da zarar sabuwar ƙira ta fito, labarin tsohuwa ya ƙare. Ko yawancin abin da BBC ta watsa daga ɗakin shirinta lokacin saukar Apollo 11 a kan wata, a Yulin 1969, bai tsira ba. Sai a 1978 BBC ta naɗa Sue Malden ta riƙa zaɓen abin da za a adana.

Abin da ya ceci wasu shirye-shiryen shi ne kwafin fim da aka sayar wa gidajen talabijin na ƙetare. A 2013 aka sanar cewa Philip Morris, wani mai farautar tsofaffin finafinai, ya gano kashi 9 na wasan Doctor Who a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos, bayan shekaru da dama babu wanda ya gan su. Wasan kwaikwayo ne mai ɗimbin masoya, shi ya sa aka bi sawunsa har Filato. Shirin jirage da taraktoci ba shi da irin wannan gata.

Don haka, gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos su duba ɗakunan ajiyarsu, su mayar da tsofaffin kaset-kaset ɗinsu zuwa kwamfuta tun kafin zafi da ƙura su gama da su.