Gwanayen da Ke Kafa Laburare a Saman Bango

Akwai wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Gwani zai zura mata katin memori, ya haɗa ta da batir da faifan sola, ya kafe ta can saman bangon makaranta. Shi ke nan, duk mai waya a harabar sai ya kunna wayfai, ya latsa sunan na'urar, ga Wikipedia a gabansa. Ba data, ba kuɗin kati, ko sabis ya ɗauke ba ruwanta, domin komai yana cikin katin.

Manhajar da aka fi yin aikin da ita ita ce Kiwix, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007. Tana buɗe dubban shafukan da aka matse cikin fayil guda da ake kira ZIM. A 2012 shirin Afripédia ya kai irin waɗannan akwatuna jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, inda intanet ke da tsada da jan ƙafa.

Sai dai haɗa wayoyi ba shi ne gwanintar ba. Abin da ya fi burge ni shi ne zaɓe. Wikipedia ta Ingilishi da hotunanta ta kai wajen gigabait 100, don haka dole mutum ya zauna da malamai, da ma'aikatan asibiti, da manoma, ya ji me suke nema. Ko ya bar hotuna ya samu wurin bidiyon lissafi na Khan Academy? Ko ya zuba littattafan Project Gutenberg, taskar da Michael Hart ya assasa a 1971, wadda ta tara sama da littattafai 70,000, akasarinsu waɗanda wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare? Wikipedia ta Hausa ma akwai ta a Kiwix, kuma ba ta cin wuri sosai.

Nan ne kuma amana take shigowa. Gwanin gaske ba ya kwaso fim ko waƙar wani ya watsa don kawai ya same su. Yakan duba lasisi tukuna. Rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons wanda ya yarje wa kowa ya kwafa ya raba, muddin ya ambaci masu aikin, kuma in ya gyara ya sake shi bisa wannan sharaɗin. Abin da mai shi bai yafe ba, ba ya shiga katin, komai yawan masu roƙo.

Sannan sanin wuri. Wayfai ba ya son katanga mai kauri, kwanon rufi kuma yana tare shi, shi ya sa za ka ga gwanin yana zagaya fili da waya a hannu, yana duba inda sigina ke raguwa, ya koma ya ɗaga akwatin sama kaɗan. Yakan sa shi a inuwa saboda zafi na rage masa sauri, ya bar masa kafar shan iska wadda ƙurar hunturu ba za ta toshe ba.

Wikipedia tana sauyawa kullum, ta cikin katin kuwa tana nan yadda aka sauke ta. Saboda haka bayan 'yan watanni gwanin kan shiga gari inda intanet ke da ƙarfi, ya sauko da sabon fayil, ya dawo ya hau tsani ya sauya katin, ya kuma koya wa wani matashi na unguwar yadda ake yi.