4.3 Jigon Shugabanci da Tsaya wa 'Ya Mace a Littafin Wa Zai Auri Jahila?

A sashen da ya gabata an yi bayanin babban jigon wannan littafi, wato auren dole da hana 'ya mace ilimi. A nan kuwa za a dubi wani ƙaramin jigo da ke maƙale a jikin babban, wato halin da shugabannin al'umma kan nuna idan an danne wa yarinya haƙƙinta.

Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafin a 1990, lokacin da adabin kasuwar Kano ke tashe. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, saboda haka ba jita-jita take rubutawa ba. Idan aka lura da zubin taurarinta, za a ga cewa mazan da suka jefa Abu cikin wahala ba 'yan iskan gari ba ne, masu faɗa a ji ne. Mahaifinta Malam Garba ne ya raba ta da makaranta. Ahmadu kuwa, ɗan'uwanta da aka yi musu baiko, ɗan boko ne da ake sa ran zai fi kowa gane darajar karatunta, amma sai ya guje ta da hujjar jahila ce. Ya ɗora mata laifin da ba ita ta aikata ba.

Inda marubuciyar ta fi nuna gwaninta shi ne wajen zaɓen mijin da aka ba Abu. Ba ta kira shi Alhaji wane kawai ba, sai ta ba shi sarautar Sarkin Noma. A al'adar Bahaushe ba a samun wannan sarauta a banza. Manomin da ya tara dami dubu ake naɗawa, kuma shi ne wanda ake dosa idan rumbuna sun yi ƙasa a tsakiyar damina. Ke nan mutumin da gari ke kallo a matsayin inuwa, shi ne dattijon da ya haura shekara 50 ya karɓi 'yar shekara 13. A ganin mai wannan nazari, sunan kaɗai ya isar da sukar da dogon wa'azi ba zai isar ba.

Wadda ta tsaya wa Abu ba ta da rawani, ba ta da almajirai. Gwaggonta ce Hajiya Kumatu, wadda ta karɓe ta a birni bayan ta gudu, har ta koma karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. Da wannan marubuciyar ta raba riƙe muƙami da ɗaukar nauyin jama'a.

Sai dai a nan ne kuma raunin littafin yake. Mafitar Abu ba daga cikin garinsu ta fito ba, sai da ta bar shi. To, ina makomar yarinyar da ba ta da gwaggo a birni? A ƙauyukan yammacin Kano, irin su Dugabau ta ƙasar Kabo da na kewayen Gwarzo, kukan mace kan bi ta hannun dattawan gida ne, sannan mai unguwa ko liman, kafin ya kai ga dagaci. Mai karatu na irin waɗannan wurare zai so ya ga an gyara wannan hanya, domin ita ce a gabansa. Tarihi ma bai rasa misali ba. Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jaji, wato dattijuwar da aka naɗa da malfa, kan jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurinta su ɗauki karatu, sannan su koma gida su koyar. A wancan tsari ilimi ne ke komawa ƙauye, a littafin kuwa yarinyar ce ke ficewa.

Za a iya kare marubuciyar da cewa abin da ta gani ta rubuta, ba abin da take fata ba. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, yana ƙarfafa wannan fahimta. A can Rabi ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci bayan Alhaji Abdu ya kore ta, amma da arzikinsa ya karye, mazan dangi ne suka matsa mata ta koma masa.