Sassaƙar Zamani: Kwafar Alamun Kakanni Ba Ta Isa Ba

Wani yayi ya kama masu sassaƙar zamani a Afirka ta Yamma. Za ka ga gungumen katako an goge shi sumul, ba surar mutum ba ce, ba ta dabba ba, an zana masa wasu alamun mutanen dā, an girke shi a zauren otal ko harabar banki. Idan ka tambayi ma'anarsa, sai a ce maka ai al'adunmu ne na gargajiya. Ni dai a ganina, yawancin irin wannan aiki kwalliya ce kawai. Kama da wane ba ta wane.

Ba yayin nake ƙi ba. Tushensa ma a Zariya yake. A shekarar 1958 wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello daga baya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don nuna rashin yarda da koyarwar da ta mayar da fasahar Turai ma'aunin komai. Matsayarsu ita ce a ɗauki dabarar zamani a haɗa da hikimar gida. Uche Okeke bai tsaya a fatar baki ba, ya koma ya nazarci uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya mayar da shi ginshiƙin koyarwa a Jami'ar Nsukka.

A wannan jami'a ce El Anatsui, ɗan ƙasar Ghana da aka haifa a 1944, ya fara koyarwa a 1975, kuma aikinsa ne ya fi nuna abin da nake nufi. Tun yana Winneba ya riƙa samo farantan katako irin waɗanda 'yan kasuwa ke kasa kaya a kai, yana ƙona musu alamun adinkra na Akan da ƙarfe mai zafi. A 1980, lokacin da ya je wani zaman aiki a Amurka, ya gano cewa zarton inji ma kayan sassaƙa ne. Daga nan ya shiga jera sillayen katako masu launi daban-daban kafaɗa da kafaɗa, yana keta su da zarton, yana babbake su da wutar walda, sannan ya saka alamun uli da nsibidi da adinkra a tsakanin raunukan. Ba don burgewa ya zaɓi zarton ba. Ya danganta yadda yake yaga katako ba tausayi da yadda Turawa suka yayyanka Afirka a taron Berlin na 1884 zuwa 1885. Aikinsa mai suna Erosion, wanda ya yi a Brazil a 1992, shekarar babban taron muhalli na Rio, doguwar hasumiya ce cike da alamu, zarto ya bi ya tsattsaga su. Ko ba a yi maka bayani ba, ka san ana magana ne a kan rubutu da harsunan da ake shafewa.

Bambancin ke nan. El Anatsui ya san abin da kowace alama ke faɗa, ya kuma samo sabuwar magana da zai yi da ita. Mai kwafa kuwa hoton alamar ya gani a intanet. Nsibidi, alal misali, wani ɓangarensa sirrin ƙungiyar Ekpe ne a yankin Kuros Riba. Wanda ya watsa shi a jikin katako bai san karatunsa ba, yana iya rubuta shirme alhali yana taƙama da kare al'ada.

Wani zai ce ai mai fasaha yana da 'yancin aro daga ko'ina, tunda Picasso ma ya ɗauka daga fuskokin katako na Afirka da ya gani a gidan tarihin Trocadéro a Paris a 1907. Haka ne, amma Picasso baƙo ne, siffa ya gani ya ɗauka. Abin kunya ne ɗan gida ya kalli kayan kakanninsa da idon ɗan yawon buɗe ido.

Mu a ƙasar Hausa wannan salo ya kamata ya fi yi mana daɗi, domin bai dogara da surar abu mai rai ba, wadda da yawanmu ke gudu saboda addini. Kuma muna da masassaƙa masu fafe turmi da akushi, masu fiƙe taɓarya da ƙota da allo, ga masu zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi, ga dagi da sauran adon bangon Zariya da Kano. Matashin da ya karanta fasaha a jami'a, kafin ya taɓa zarton inji, ya je ya zauna a gaban tsohon masassaƙi, ya koyi wane ice ne ke tsagewa, wanne gara ke ci, me ya sa ake ƙona akushi ya yi baƙi. Ya biya malamin haƙƙinsa, ya kuma ambaci sunansa ranar baje koli. Wanda ya tsallake wannan karatu, kayan adon otal zai yi ta sassaƙawa, kuma ranar da yayin ya wuce ba mai neman aikinsa.