Tsokaci a kan Ƙa'idojin Haɗa Manhajoji da Saɓanin Kamfanonin da Ke Ƙera Su: Misali Daga Birnin Kebbi da Argungu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi nazarin wata da'awa da ta zama ruwan dare a bakin dillalan manhaja, wato cewa muddin manhajoji biyu sun bi ƙa'ida ɗaya, to, za su yi magana da juna ba tare da wata tangarɗa ba. Abin da muke nufi da hidimar nesa shi ne hanyar da kwamfutar wata ma'aikata take aika tambaya ta intanet zuwa kwamfutar wata ma'aikatar, ta sami amsa, ba da sa hannun akawu ba. Mun zaɓi kwarin Rima ne domin harkar shinkafa ta sa wannan batu ya shafi aljihun talaka.

A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoma rance a Birnin Kebbi, kuma an nemi manomi ya mallaki lambar BVN, wadda aka fara bayarwa a 2014. A 2017 aka buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Duk inda manomi da banki da masana'anta suka haɗu a ciniki ɗaya, tilas sunan manomin da adadin buhunansa da kuɗinsa su ratsa manhajoji da yawa, waɗanda ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba.

2.0 Asalin Ƙa'idojin

A shekarar 2000 Microsoft da IBM da wasu kamfanoni suka miƙa wa ƙungiyar W3C ƙa'idar SOAP, wadda ta fayyace yadda za a naɗe saƙo, sannan ƙa'idar WSDL ta fayyace yadda hidima za ta bayyana abin da take karɓa da abin da take mayarwa. Sai dai ƙa'idojin sun bar zaɓi da yawa a buɗe. Alal misali, akwai fiye da salo ɗaya na tsara cikin saƙo, kayan aikin.NET na Microsoft suka fifita wani salo, kayan Apache Axis na ɓangaren Java suka fifita wani, alhali kowannensu yana da hujjar cewa bai karya ƙa'ida ba. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar WS-I a 2002, wadda a 2004 ta fitar da wani taƙaitaccen kundi da ya rufe wasu daga cikin zaɓuɓɓukan. Mu a ganinmu kafa wannan ƙungiya shaida ce a kan da'awar dillalai, domin da ƙa'idar farko ta wadatar, da ba a nemi ta biyu don a fassara ta ba.

Daga baya masu gina manhaja suka karkata ga salon REST, wanda Roy Fielding ya bayyana a kundin digirinsa na uku a 2000. Salon ya fi sauƙi, amma tsarin gini ne kawai, bai tilasta wa kowa sunan gurbi ko siffar amsa ba. Saboda haka saɓanin da aka guda sai ya dawo ta wata ƙofa.

3.0 Inda Saɓanin Yake Fitowa

Duk wanda ya auni hatsi a kasuwanninmu ya san cewa sunan mudu ɗaya ne, amma cikinsa ya danganta da kasuwa da kuma hannun ma'auni. Haka lamarin manhaja yake, kuma za mu kawo wurare uku.

Na farko shi ne kuɗi. Hidimar Paystack tana karɓar adadi a kwabo, ta Flutterwave kuwa a naira. Babu wadda ta yi laifi, kowacce ta bayyana tsarinta a rubuce. Amma idan mai haɗa manhaja ya ɗauki al'adar ɗaya ya kai wa ɗayar, to, kuɗin buhu zai ninka sau 100 ko ya ragu sau 100.

Na biyu shi ne kwanan wata. Manhajar da aka saita bisa al'adar Amurka tana sa wata kafin rana, mu kuwa rana muke fara rubutawa. Don haka 03/04 na iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris. Ƙa'idar ISO 8601 ta warware wannan, amma sai an shar'anta ta a kwangila. Ga mai rancen noman rani, tazarar wata guda a ranar biya ba ƙaramin abu ba ce.

Na uku, wanda ya fi shafar mahalarta wannan taro, shi ne haruffan nan masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Dukkansu suna cikin tsarin Unicode, amma babu su a tsohon jadawalin Windows-1252. Idan suna irin Ɗanladi ko Ƙasimu ya fito daga manhajar da ta san su ya shiga wadda ba ta san su ba, sai harafin ya koma alamar tambaya. Manhajar da ke gwada suna da suna za ta ce mutum biyu ne, kuɗi ya maƙale. Maganin da akawuna suka saba yi shi ne su zubar da lanƙwasar tun farko, wato a gyara wa na'ura a ɓata wa harshe.

4.0 Matakan da Aka Ɗauka

Ba mu ce hukumomi sun naɗe hannu ba. Kamfanin NIBSS ya fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, kuma ya yi aiki ne domin akwai cibiya ɗaya da kowane banki ya zama tilas ya daidaita da ita. Babban Banki ya fitar da tsarin buɗaɗɗen banki a 2021, da jagororin aiwatar da shi a 2023. Sai dai waɗannan sun tsaya ga harkar kuɗi. Manhajar da ke lissafin buhuna a ma'ajiyar masana'anta, ko rajistar ƙungiyar manoma, ba ta ƙarƙashin ikonsu, kuma a nan ne bayanin manomi yake fara shiga.

5.0 Kammalawa

Shawararmu ga ma'aikatun Jihar Kebbi da masu masana'antu ita ce kada su wadatu da ganin sunan ƙa'ida a takardar dillali. A rubuta a kwangila wane bugu na ƙa'idar ake nufi, da ma'aunin kuɗi, da siffar kwanan wata, da kuma UTF-8 ga dukkan sunaye. Kafin a biya kuɗin ƙarshe, a gwada manhajar da ta wani kamfani dabam, da sunayen Hausa na gaske. Daɗin daɗawa, muna kira ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru su haɗa malaman kwamfuta da na Hausa, su tsara jerin gwaje-gwajen da kowace ma'aikata za ta iya amfani da su kyauta.